Ƙwaƙwalwa Biyu da Gonakin Karakkai

Gusau,
6 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga Yayata Albarka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara, da 'yata Gloria da kike riƙe mini. Yaya ƙafar Mama? Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda bana ya fi na bara.

Na ce lafiya don haka ake faɗa, amma hankalina ba a kwance yake ba. Kin san Haruna, Baban Gloria, ban da aikinsa na safiyo a ma'aikata, yana da kwamfutar nan a gida da yake zana taswira da ita. To, akwai wani dattijo manomi, Malam Sahabi na Karakkai, wanda tun zuwanmu garin nan shi ke kawo mana gero. Wani ɗan kwangila da ake kira Dogo ya zagaye gonarsa da waya, da gonakin wasu mutum ashirin da uku, har da burtalin shanu, ya ce yana da takarda. An kafa kwamiti a Bungudu, zai zauna ranar sha biyu ga watan gobe. Baban Gloria ya yi Asabar uku yana awo a can. Yana so ya ɗora awonsa a kan wata tsohuwar taswira da ya samo, kowa ya ga inda iyaka take tun asali.

Kwamfutar ce ta gaza. Sai ta wuni tana jan layi ɗaya-ɗaya, kafin ta kai rabi ta sandare. Ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi ƙanƙanta. Akwai wani Tajuddeen a Zariya mai sayar da babban allon ciki wanda ke ɗaukar ƙwaƙwalwa biyu, su raba aikin tsakaninsu. Har ya sayar da babur ɗinsa, basfa, saboda haka.

Ga abin da ya tsorata ni. Ranar Alhamis yaran Dogo suka tare shanun huɗar Malam Sahabi a bakin rijiya, suka sare musu agara da adda, duka biyun, tilas aka yanka su a wurin, ana saura kwanaki Babbar Salla. Washegari biyu daga cikinsu suka shigo shagona ina ɗinki. Ɗaya ya ɗauki almakashina ya tsaga atamfar wata mata daga sama har ƙasa, yana kallona, ya ce in gaya wa mijina shi baƙo ne a ƙasar nan.

Mun yi faɗa da Baban Gloria irin wanda ba mu taɓa yi ba. Na ce ya bar musu rigimarsu. Ya ce shekara tara yana cin geron gonar nan, ba zai iya cewa bai san inda take ba. Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Mama.

Taki ƙanwa,
Marta.


Asibiti, Gusau,
21 ga Afrilu, 1998.

Yaya Albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Ina fata Gloria tana karatu. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yin sa.

Abin ya faru. Ranar Asabar Baban Gloria ya tafi Zariya, Malam Sahabi ya ce ba zai bar shi ya je shi kaɗai a kan maganarsu ba, ya bi shi. Sun sayi kayan, suka shigo motar haya. Da la'asar, sun wuce Kucheri kaɗan, ba su kai Tsafe ba, sai suka tarar an gitta itace a hanya. Mutum shida ne, da adduna da gorori. Ba 'yan fashi ba ne, Yaya, don ba su taɓa aljihun kowa ba. Sunansa suka kira.

Direban ne ya ba ni labari, Baban Gloria shi kansa har yanzu bai iya faɗa ba. Sun jawo shi kan kwalta, suka tambaye shi da wane hannu yake zane. Ya ƙi nuna musu. Sai babbansu ya ce to a yi duka biyun. Mutum biyu suka danne shi, ɗaya ya taka masa gwiwar hannu, aka yi ta sauke masa gora a kan yatsu da wuyan hannu. Direba ya ce yana jin ƙarar ƙashin daga inda yake kwance.

Daga nan suka nemi kwalin da kayan suke ciki. Malam Sahabi ya riga ya fito da shi daga mota, ya kife a kansa, ya rungume. Tsoho mai shekara sittin da wani abu. Suka ja shi, ya ƙi saki. Suka sare shi a gadon baya sau uku, suka sare shi a ƙeya, bai saki ba. Allah ya kawo wata babbar mota cike da 'yan kasuwa, mutane suka diro da ihu, su kuwa suka faɗa daji.

A Tsafe aka fara tsayar musu da jini, sannan aka kawo su nan. Hannun Baban Gloria na dama ya karye wuri huɗu, na hagu wuri biyu. Ni nake ba shi abinci a baki. Malam Sahabi yana ɗaki na gaba, yakan farka ya koma. Jiya ya gane ni, ya ce, “Maman Gloria, kayan sun iso?” Na ce sun iso. Ya ce to madalla.

Kwalin yana ƙarƙashin gadonmu, jini ya bushe a jikinsa ya yi baƙi. Sau biyu ina ɗaukarsa da niyyar in jefa a rijiya. Ban san abin da ya hana ni ba. 'Yan sanda sun zo sun yi rubutu sun tafi. Idan Gloria ta tambaya, ki ce babanta ya faɗi a babur.

Taki,
Marta.


Gusau,
10 ga Mayu, 1998.

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da kowa da kowa. Na sami takardarki da man zafin da kika aiko, na gode. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Malam Sahabi ya rasu ranar Juma'ar da ta biyo bayan takardata. Na je Karakkai gaisuwa. Matarsa, Inna Kulu, tana cikin takaba a ƙuryar ɗaki. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara, don a ganina mu muka ja masa. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, abin da Malam ya kwanta bisa gare shi, an buɗe shi?” Na ce ba a buɗe ba, mai haɗawar ba shi da hannu. Ta ce, “Ke ba ki da shi?”

Da wannan na dawo gida. An sallamo Baban Gloria da hannu biyu a filasta. Tajuddeen ya ji labari ya ce ba zai tako Gusau ba, ban kuma ga laifinsa ba. Na ciro kwalin na ajiye a gaban Baban Gloria na ce ya gaya mini yadda ake yi.

Ya sa na cire awarwaro, na taɓa ƙarfen taga tukuna, wai don kada lantarkin jikina ya lalata kayan. Na kwance murfin da sukudireba, na zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace na ɗaura mata zare mai launi dabam don kada in rikice. Na cire tsohon allon, na zaunar da sabon. Ƙwaƙwalen nan biyu, kowace kamar kaset take, baƙa, da 'yar fanka a jikinta. Ta farko ta shige nan da nan. Ta biyun ta ƙi. Ina dannawa allon yana lanƙwasa, gumi yana ɗiga daga haɓata, shi kuma yana yunƙurin miƙo hannu yana tuna babu hali. Ya daka mini tsawa, na rama. Sai na daidaita ta yadda nake daidaita allura a keke, na danna da tafin hannu, ta ce ƙas. Kwana biyu muka yi muna sake ɗura mata abubuwan cikinta daga faifai, yana faɗa ina latsawa.

Taswirar da take wuni ba ta gama ba, kafin ruwan shayi ya tafasa ta fito duka. Ga tsohuwar iyaka da baƙin layi, ga wayar Dogo da ja, ta haɗiye gonaki ashirin da huɗu da burtali. Firintarmu ƙarama ce, sai muka fitar da ita falle goma sha biyu, na manna su a kan farin yadi, na kalmashe bakin.

Shekaranjiya Juma'a, ana masallaci, unguwa ba maza, yaran Dogo suka zo. Su huɗu. Sun san lokacin da suka zaɓa. Abin da ba su sani ba, ƙannen Inna Kulu biyu sun riga sun karɓi yadin tun da safe. Suka ɓalle ƙofa da tabarya. Ɗaya ya mare ni na bugu da bango, haƙorina ya fita. Suka fasa gilashin kwamfutar, suka jefo akwatin ƙasa suna sara. Baban Gloria ya tashi ya tare, sai babbansu, wanda ake kira Jatau, ya hankaɗe shi ya faɗi, ya ɗora ƙafa a kan filastar hannun dama, ya fara murzawa. Ban taɓa jin namiji ya yi irin wannan ƙara ba.

Ina cikin guga suka shigo, dutsen gugar yana nan cike da garwashi. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na sauke masa a gefen fuska, ya zube. Na ƙara masa. Na sake ƙarawa, yana ƙasa, ba ya ko motsi. Warin ƙonewar fata ya cika ɗakin. Sauran ukun suka tsaya suna kallona, sannan suka ruga, suka yi karo da mutane suna dawowa daga masallaci. An kama biyu, da ƙyar liman ya ƙwace su daga hannun jama'a.

Jatau yana asibiti, ɗan sanda a bakin gadonsa. An ce zai rayu. Yau ban je sujada ba. Na wanke hannuna ya fi sau goma, har yanzu ina jin warin.

Ƙanwarki,
Marta.


Gusau,
1 ga Yuni, 1998.

Zuwa ga Yaya Albarka,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Na ji Mama ta sami labari a bakin mutane. Ki ba ta haƙuri, ki ce mata muna raye.

Kwamiti ya zauna a sakateriyar Bungudu. Ni na tsaya na riƙe gefen yadin, ƙanen Inna Kulu ya riƙe ɗaya gefen, Baban Gloria yana nuna layi da haɓa. Manoma suka riƙa tasowa ɗaya-ɗaya, kowa ya ɗora yatsa a kan gonarsa ya faɗi sunan ubansa. Da aka zo kan ta Malam Sahabi ba wanda ya taso, sai shugaban kwamitin ya ɗora nasa yatsan. An ce a cire waya cikin kwana bakwai, an kuwa cire.

Dogo ba a taɓa shi ba. Yaran sun ce ba su san shi ba, shi ma ya ce bai san su ba. Ranar Laraba na gan shi a motarsa a bakin kasuwa yana sayen mangwaro. Su ukun, Jatau da biyun da aka kama, suna kurkuku suna jiran shari'a a kan ran Malam, don suna cikin waɗanda suka tare hanya. Jatau ya rasa ido ɗaya. 'Yan sanda sun ce kare kai na yi, ba su tsare ni ba.

Likita ya ce hannun hagu zai warke. Na dama, yatsu uku ba za su sake lanƙwasa ba. Tajuddeen ya zo daga baya, da kunya, ya duba ɓaraguzan. Allon ya tsage, ƙwaƙwalwa ɗaya ta mutu, ɗaya tana da rai. Baban Gloria ya ce a ajiye ta.

Uwar Jatau ta zo shagona makon jiya. Na ɗauka zagi ta kawo. Wata 'yar tsohuwa ce mai sayar da daddawa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta san abin da ɗanta ya aikata, ba ta zo neman komai ba, so take kawai ta ga matar. Ta dube ni, ta dubi hannuwana, ta juya ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa Fasto gaskiya. Bugun farko ba na nadamarsa, ko gobe aka taka hannun mijina zan sake. Na biyu da na uku su ne nake kwana da su, don a lokacin ya riga ya faɗi, kuma na sani.

An yi ruwan shuka ranar Alhamis. Inna Kulu ba ta fita tukuna, don haka mutanen gari suka yi mata gayya, muka je. Maza suna sara, mu mata muna bi da iri. Baban Gloria ya rataya ƙwaryar gero a wuya, yana zubawa da yatsu biyu na hagu, yana rufewa da ƙafa. Bai gama kunya ɗaya ba sai da kowa ya gama biyar, ba kuma wanda ya karɓe masa.

Idan an yi hutu ki sako mini Gloria a mota. Kada ki ƙara ce mata babur ne. Ki bar ni in gaya mata da bakina, har da abin da uwarta ta yi.

Ki gaida Mama, ki gaida maigida da yara. Ubangiji ya tsare mu duka.

Ni ce ƙanwarki,
Marta Haruna.