Rigar da Wuta Ta Kasa Ci

Briqueterie, Yaoundé, Laraba da hantsi. Tarin ya ɗan lafa, gwiwoyi suna nan da halinsu, amma yau da ƙafata na je masallaci na dawo ban dafa bangon kowa ba.

Zuwa ga Zaitun, sanyin idanuna, inuwar mangwaron tsufana, ruwan farko mai sauka kan jar ƙasar Yaoundé ya kashe mata ƙishi! Amincin Allah ya tabbata gare ki.

Na san kin riga ni ji, uwa ce ke. Amma bar ni in faɗa da bakina, don daɗin ya fi ƙarfin ƙirjina: Misbahu ya fito! Jiya ɗanki ya kira ni daga arewa. Ya ce iska ta juya musu a tsakiyar ciyawa, wutar daji ta zagaye shi da abokan aikinsa masu kashe gobara, ya sunkuyar da kai ya ratsa ta. Gira ta babbake, wuyan hannu ya ɗan tashi, amma riga ba ta kama ba. Ba ta kama ba, Zaitun! Allahu akbar! Wa ya ce tsohon tela ya gama amfani?

Kin tuna ranar da na zo gaishe ki a unguwar Tsinga, Misbahu ya zo hutu da rigar aikinsa mai ruwan ɗorawa, duk baƙin hayaƙi, kafaɗa a yage? Na same ki a tsakar gida kin jera javel, ruwan nan mai sa tufafi fari, da sitaci da kwalbar turaren mai, kina so ɗanki ya koma daji fes, yana ƙamshi kamar ango. Haka kika saba yi wa shadda, kuma kaf unguwar nan wa ya kai ki iya wanki? Ni kuwa idona ya faɗa kan ɗan ƙyallen da ke wuyan rigar, Faransancin da aka dasa mini da bulala tun ina yaro ya farka. Rubutun ya ce javel yana cinye ƙarfin yadin, sitaci da mai kuwa abincin wuta ne. Na fizge rigar daga bakin bahonki kamar shaho ya ga ɗan tsako. Wayyo kallon da kika yi mini! Kika ce tun kafin in iya zura zare a allura kike wanki. Kika ce in tafi da ilimina. Na tafi, amma da rigar a hammata, zuciyata kuwa a can na bar ta, gefen bahon.

Ita kaɗai na wanke, da sabulu marar ƙamshi, na ɗauraye har ruwa ya fito garau, na shanya a inuwa don rana tana gajiyar da irin wannan yadi. Da na zo faci, na gwada zaren kasuwa da ashana: ya narke ya dunƙule kamar ƙaro. Wannan zan ɗora a kafaɗar ɗan Zaitun? Haram! Na farke aljihun ciki na yanko faci, na zaro zare daga kalmasar rigar kanta, na gwada: ya yi baƙi, ya ƙi ci. Idona yana hawaye, allura tana ɓace mini, amma kowane ɗinki da sunanki na soka shi.

Allah ne ya tsare, na sani. Addu'arki ce ta yi masa laima, rigar sababi ce kawai. To amma ya hasken gidana da ban shiga ba tukuna, ba za ki bar wa sababin ɗan ladansa ba? Tun ranar nan ba ki amsa gaisuwata ba. Maganar aurenmu da na kai wa yayanki Malam Halilu tana rataye kamar wankin damina, ba ta bushe ba, ba a kwashe ba. Har yaushe? Ɗakina shiru, keken ɗinkina ya yi tsatsa, hayaƙin masu gashin nama yana shigowa ta taga ya tarar ba wanda zan ce wa bismilla. Duk mu biyu mun binne abokan zama, mun san nauyin wannan shirun. Me muke jira, ƙuruciya?

Ki zo ki sa wa rigunana javel har su yi fari kamar auduga. Ki zuba sitaci har babbar rigata ta tsaya da kanta ta ja salla. Ki yi mini wanka da turare, ba zan ce uffan ba! Rigar Misbahu kaɗai nake roƙo ki bar mini.

Ragowar zaren yana aljihuna. Wuta ta gwada shi ta bari. Son da nake miki ɗan'uwansa ne, yana nan har ranar da za a ɗinka mini farin da ba shi da aljihu.

Naki, jiya da yau da abin da ya saura,
Njidda Tela

Ƙari: Malam Halilu ya aiko cewa zai zo bayan la'asar da amsarki. Na share ɗaki, na sayo tsire, na dafa shayi. Ga shi ana kiran magariba, bai zo ba. Tsiren ya huce. Ban naɗe tabarmar ba.