Waƙar daɓen matan Tamawa ba taku ba ce

Zuwa ga Shugaban kamfanin waƙoƙin da ya sa aka rufe bidiyona,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. Ban kama sunan kamfaninku ba saboda lauyanku ya rubuto cewa idan na ambace shi za a maka ni kotu, ni kuwa bana na gama jami'a a Dutsin-Ma, ba ni da lauya. Amma kun san kanku.

Na ɗaya. Na karanta Hausa, kuma kundin kammala karatuna a kan waƙoƙin daɓe na yi shi. A Tamawa ta Kurfi, garin mahaifiyata, siminti ya kashe daɓe tuntuni. Sai da na yi zuwa huɗu kafin tsofaffi tara suka yarda su yi mini sau ɗaya. Kawuna ya ba mu tsohon ɗaki, aka zuba tsakuwa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, kowacce ta ɗauki madaɓinta. Kakata, Inna Kulu, ita ke ba da waƙa, sauran suna amshi. Babu ganga, babu fiyano, sai ƙarar itace a kan ƙasa. Na ɗauka da wayata, minti shida da daƙiƙa goma, na ɗora a shafina na intanet da izininsu.

Na biyu. Wata takwas bayan haka mawaƙinku ya fitar da waƙa mai wannan amshin. Kafin nan ya taɓa turo mini saƙo yana tambayar a wane gari ne na ɗauki bidiyon, na gaya masa, saƙon yana nan. Ban ce ya sata ba, domin ba ni da hujjar da ta wuce wannan. Ban kuma yi ƙorafi ba, waƙar daɓe ta kowa ce.

Na uku. Ku ne kuka kai ƙarata wurin masu dandalin da na ɗora bidiyon. Na'urarku ta ji daƙiƙa talatin da takwas sun yi kama, sai kuka sa aka rufe bidiyon tsofaffin da suka riga mawaƙinku rera ta da shekaru aru-aru. Na rubuta muku sau uku, na haɗa da hoton ranar da na ɗora nawa da ranar da kuka fitar da taku. Amsarku ɗaya: in kawo takardar mallaka mai sa hannun wanda ya ƙirƙiri waƙar. Wa zai sa hannun? Inna Kulu a bakin gwaggonta ta koya, ita ma gwaggon a bakin wasu. Wanda ya rubuto wannan amsa ko dai bai kalli bidiyon ba, ko ya kalla ya raina mu.

Na huɗu, kuma a nan akwai laifina, ba zan ɓoye ba. Wayata ta cika lokacin jarrabawa, sai na goge ainihin ɗaukar, ina ganin ai tana intanet. Inna Kulu ta rasu da azumin da ya wuce. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a bidiyon da kuka rufe, kuma ko ni mai shafin ba na iya sauke shi. An sanar da ni cewa idan ba ku janye ƙarar ba cikin kwana goma sha huɗu za a goge shi gaba ɗaya. Yau saura biyar.

Dokar haƙƙin mallaka an yi ta ne don kada a ci gumin mai fasaha. Ku kun mayar da ita sandar korar masu abu daga abinsu, don kun san talaka ba zai iya shari'a da ku ba.

Abin da nake nema: ku janye ƙarar kafin wa'adin ya cika. Ku cire amshin daga jerin abin da kuka yi wa rajista, don kada gobe a rufe wa wata ɗaliba nata. Ban nemi ko sisi ba. Idan kuma har yanzu kun tsaya a kan taku ce, to ka zo Tamawa da kanka, tsofaffi takwas suna raye, ka faɗa musu a gaban idonsu.

Allah Ya ba ka ikon mayar da haƙƙi ga masu shi tun kana da halin yi.

Wassalam.

Rabi'atu, jikar Inna Kulu,
Dutsin-Ma.