Tabon Waliyyiya Katarina Yana Kumatun Hagu

Uwargida Hilde, ki taimake ni kafin in yi aika-aika.

Ni tsohon leburan tashar jiragen ruwa ne a nan Antwerp. Karatuna bai wuce karanta lambar motar haya ba, ita ma sai na matsa kusa. 'Ya'yana tagwaye ne, Roos da Lien. Ni da na haife su, da baƙin tabo nake bambance su: na Roos a kumatun dama, na Lien a na hagu.

Wani yaro, Wannes, yana neman auren Roos. Sana'arsa irin ta mutanen da ce, ya karce hoton waliyyai a farantin tagulla, asid ya ci layukan, ya shafa tawada, ya matse a takarda. Ran Lahadi ya kawo mana hoton Waliyyiya Katarina, wai Roos ya zaunar ya zana. Kowa ya yaba, ni na ɗauko tabarau. Uwargida, tabon a hagu yake! Sai na tuna yadda yake darawa in Lien ta yi barkwanci, nawa kuwa ko murmushi. Kuma gwanin nan, takobin da aka saba zana ta da shi ma a hannun hagu ya danƙa wa waliyyiya, abin da ban taɓa gani a coci ba. Matata ta ce zaman banza ke damuna. In gaya wa Roos, ko in bari a ɗaura da wadda ba ita yake so ba?

Uban Biyu Mai Ido Ɗaya da Rabi

Uban Biyu,

Sa idon da kake yi ba laifi ba ne, saurayin da ke shiga gidan tagwaye ya cancanci a lura da shi. Amma amsar tana cikin takardarka. In aka matse faranti a takarda, dama takan koma hagu. Masu taka-tsantsan kan juya zanen tun farko, shi naka ya zura wa yarinya ido ya manta. Abin da ya kai takobin hagu, shi ya kai tabon.

Kada ka ce wa Roos komai, irin wannan magana takan raba 'yan'uwa har tsufa. In ka ga wani abu daban a halinsa, ka kira shi shi kaɗai. Dariya kuwa, wataƙila Lien ta fi ka iya barkwanci.

Yau ka kai hoton gaban madubi. Wadda ka gani a ciki, ita ce amaryar. Allah ya sa a yi biki lafiya.

Hilde