Wanda Zai Goya Inna

Kazaure, 3 ga Agusta

Ƙanwata Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Haladu da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna. Na yi ta kiranki har na gaji, garin nan naku waya ba ta shiga sai an hau dutse, shi ya sa na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

An sa ni cikin kwamitin shirin ko-ta-kwana saboda ambaliyar bana. Mun rubuta sunan duk makaho da kurma da gurgu da ke ƙauyukan kwari, daga Roni har Gwiwa, kowa mun haɗa shi da mutum ɗaya da zai kai shi tudu da zarar mai unguwa ya sa an yi shela. Ku makarantar firamare ce mafakarku. Inna shekara bakwai ke nan ƙafafunta ba sa ɗaukarta, lungunku kuwa ko amalanke ba ya shiga, dole sai goyo. Na sa sunan Haladu, tunda katanga ɗaya ce ta raba ku da ita, kuma ƙarfi ba a magana. Ku gwada sau ɗaya kafin Juma'a.

Na bar ku lafiya.
Yayanki, Sharfuddeen

Unguwar Kwari, Roni, 6 ga Agusta

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana amsawa. Amma don Allah fankar ofis ce ta kwashe maka tunani? Shekara goma sha ɗaya da aurena, Inna ba ta taɓa furta sunan Haladu ba, "mai gidan can" take ce masa. Shi ma daga bakin zaure yake tsugunawa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Ko tarinsa ta jiyo sai ta ja mayafi. Shi ne ka rubuta da bironka cewa ta hau bayan surukinta a ratsa gari da ita! Da na karanta mata, sai ta juya fuska bango, ranar ko kunu ba ta sha ba.

Ni da zan goya ta ka san cikina wata takwas. Kawu kuwa kansa ma da ƙyar yake ɗauka.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sukuni. Kwana tara rabonmu da ruwan sama, amma rijiyar gidan Inna ta ciko har da ƙwarya muke ɗiba. Kwaɗin fadama sun yi tsit gaba ɗaya. Jiya da rana tsaka na ga tururuwa sun fito daga ƙarƙashin gadonta, jere da ƙwayayensu a baki, suna hawa bango. Bangon ma ya jiƙe kamu ɗaya daga ƙasa, kuma ɗakinta kaɗai. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Taka, Batulu

Kazaure, 8 ga Agusta

Batulu,

Sallama da gaisuwa. Na yarda na yi wauta, layi da lamba nake gani a takarda na manta da Inna ce. Amma duk lungun na duba, babu wanda ya halatta ya taɓa ta sai shi. A addini suruki muharrami ne, ki roƙi Liman ya zo ya gaya mata da bakinsa. In ta ƙi, ki haɗa mata kaya, ranar Asabar zan zo da mota in kawo ta nan har damina ta wuce. Rahoton da muke samu ba shi da daɗi, ruwan da aka yi a yamma yana tafe.

Allah Ya tsare. Sharfuddeen

Unguwar Kwari, 10 ga Agusta

Yaya,

Bayan gaisuwa, Liman ya zo, ya yi bayani har da larabci. Inna ta saurara tsaf, ta yi masa godiya, sannan ta ce littafi ya halatta amma idonta bai halatta ba. Kazaure ma ta ce ba za ta ba. Ta sa ni in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

"Ka bar yaron mutane ya ji da iyalinsa. Ban buɗe fuska gabansa ina da ƙafa ba, ba zan manna ƙirjina a bayansa ina gurguwa ba. In ruwa ya zo, ya san inda nake."

Jiƙewar bangon ta kai tsayin gado. Inna ta ce daɓen ɗakin numfashi yake yi. Na yi mata dariya, amma da na aza tafin hannuna sai na ji sanyi yana tasowa yana komawa. Shekaranjiya bayan azahar ta tambaye ni wa ke ta yin sallama a ƙofa ba a amsa masa. Na leƙa har zaure, babu kowa, ko kaza. Yau ma ta sake tambaya, ta ce muryar tana ƙara matsowa.

Haladu ya daina zuwa gonar nesa. Wuni yake a dakalin ƙofar gidanta yana tufka igiya. Don girman Allah kada Asabar ta wuce.

Ƙanwarka, Batulu

Makarantar firamare, 13 ga Agusta

Yaya Sharfuddeen,

Assalamu alaikum. Ni ne Haladu. Na san saƙon rasuwa ya iso maka, kuma na san gada ce ta karye ta hana ka zuwa jana'iza. Allah Ya jiƙanta, Ya ba mu haƙuri. Batulu da yara suna lafiya. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba.

An yi shela ranar Juma'a da hantsi. Batulu ta leƙa ta ga Inna a kwance ta lulluɓa, ta ɗauka barci take, ta tafi kai yara tudu da niyyar dawowa da mata su taimaka. Ruwa ya raba mu. Bai zo da ƙara ba, daga ƙasa ya tsatso, kafin azahar ya kai mini gwiwa a tsakar gida.

Na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Ƙafata ta ƙi tsallake dokin ƙofar nan, Allah Ya sani. A ta uku sai na ji muryarta sarai ta ce, "Shigo, Haladu."

Na rufe idona na shiga, na laluba na goya ta, na ɗaure da igiya. Har muka hau tudu ba ta ce komai ba, ni ma ban waiwaya ba. Na ɗauka kunya ce, har ina jin daɗi a raina cewa ta yarda da ni.

Matan da suka sauke ta suka ce jikinta ya riga ya sandare. Wadda ta yi mata wanka ta ce tun kafin a yi shela ta cika.

Yaya, da kunnena na ji sunana a bakinta. Ban san wa zan tambaya ba.

Naka, Haladu