Dakalin Alwalar Hajiya Kaka

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ruwan sama a Jos?

Dakalin banɗaki da Hajiya Kaka take zama ta yi alwala ya tsage. Baba ya ce a bari sai bayan damina a gyara banɗakin gaba ɗaya, tunda fasa sabon dakalin za a yi wajen sa tayil. Inna ta ce, "Malam, gwiwar Hajiya ba za ta jira damina ta wuce ba."

Washegari Baba ya kawo magini daga Tarauni. Yanzu Hajiya tana alwala ba mai riƙe ta.

Ki sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hauwa