Bangon da Na Toshe wa Numfashi

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙafar taka? Yaya Ammi da azumin nafilarta?

Abba, na yi ɓarna. Ka san zauren madubai na fadar sarkinmu Raja, wanda kakana Karim Bakhsh ya ɗora wa rufi. Kullum kana cewa farar ƙasa sai ta yi wata shida a jiƙe, a zuba mata mazarƙwaila da hulba, kuma kada a taɓa ƙananan ramukan saman bango, don ta nan gini yake numfashi. To ɗan kwangila, wani Mathur mai tumbi kamar randa, ya ce shi ba miya ya zo dafawa ba. Ya matsa mini, na shafe komai da siminti, har ramukan.

Yanzu damina ta sauka. Jiya na ƙwanƙwasa rufin da zobena yadda ka koya mini, sai na ji shi fanko. Madubai uku sun faɗo da kansu. Saura kwana tara a ɗaura auren jikar Raja a ƙarƙashinsa, mutum ɗari biyu. Wallahi tsoro nake ji. In na yi magana, sunan gidanmu ya ƙare a fadar nan.

Ɗanka,
Nizamuddin

Abba,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya.

Na faɗa wa Raja gaskiya. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Jikan Karim Bakhsh ne ya zuba mini siminti?" Gara a ce mari na ya yi.

An mai da bikin tsakar gida, ni kuma na kwana biyu ina buɗe ramukan, ruwa na tsiyaya ta hannun rigata. Rufin bai faɗi ba, shi ya sa Mathur yake min dariya, wai na ga aljani a madubi. An sallame ni. Ɗazu na ga sabon maginin da aka ɗauka yana sake toshe ramukan, wai suna ɓata ado.

Ranar Asabar za a buɗe zauren ga 'yan makaranta masu ziyara. Ni yanzu ko mai gadi ba ya sauraro na, amma kunnenka Raja ya yarda da shi. Na san ƙafar ba ta barin ka hawa mota. Don Allah ka zo da zobenka.

Ɗanka mai kunya,
Nizamuddin