Ba a Kan Tumaki Ɗana Ya Yi Bincike Ba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ɗalibanmu na Arewa mazauna Kuala Lumpur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina godiya bisa ɗawainiyar da kuka yi da ɗana Mukhtar tun daga asibiti har makwancinsa. Na so a ce godiyar kaɗai ce ta sa ni rubutu, domin na gaji, kuma jayayya ba ta gabana.

A sanarwar rasuwar da kuka rarraba, kun ce marigayin yana digirinsa na uku ne a kan abincin tumaki. Na yi wa sakatarenku magana ranar da nake haɗa kayansa a masaukinsa da ke unguwar Danau Kota, nan Kuala Lumpur, ya ce an yi haka ne don a rufa mana asiri.

Na ɗaya. Bincikensa a kan bitamin B ne a abincin aladu. Likitan dabbobi ne. A lokacin bautar ƙasa an tura shi wani ƙauye inda mata ke riƙe gida da kiwon alade. Ya tarar 'ya'yan aladun suna cilla ƙafa a sanƙare, kofatonsu na tsagewa, ba sa girma. Dusar masara zalla ake ba su, alhali wani bitamin da ke cikinta jikin alade ba ya cin moriyarsa. Abin da ya kawo shi ƙasar nan ke nan.

Na biyu. Bai ci alade ba, bai sayar ba. Sai da muka tambayi malamai, ni da shi, kafin ya fara. Yakan yi wanka ya sauya tufafi kafin salla, abokan zamansa shaida ne.

Na uku. Mahaifiyarsa ta ga sanarwar a waya, ta tambaye ni ko abin kunya ɗanta ya aikata da har sai an ɓoye. Tun ranar ba ta sake ambaton aikinsa ba.

Roƙona shi ne ku janye sanarwar, ku fitar da gyara kafin in koma gida in fuskance ta. In kalmar ta yi muku nauyi, ku cire layin gaba ɗaya. Zan iya jure shiru. Ƙarya ce ba zan jure ba, a kan wanda ba ya nan balle ya gyara.

Allah Ya ba ku abin da kuka zo nema, Ya mayar da ku ga iyayenku da ranku.

Wassalam.

Mahaifin marigayi Mukhtar,
Danau Kota.